Hangen Dala ba shiga birni ba: banki, sabon kamfani ko aikin nesa, ina mai rubuta manhaja zai fara?

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya shigo da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya zauna a bakin tabarma, ya gaishe ni har sau biyu. Na san da magana. Wata uku ke nan da gama bautar ƙasarsa. Kimiyyar kwamfuta ya karanta a BUK, kuma tun yana aji biyu yake raba dare a kan JavaScript, wani yaren rubuta manhaja.

"Kawu, shawara na zo nema. Ƙofa uku ce a gabana, na rasa wadda zan shiga."

Ta farko banki ne. Ya ci jarrabawar ɗaukar sababbin ma'aikata, an kira shi makarantar horo a Legas. Ta biyu wani ƙaramin kamfani a Abuja mai haɗa manhajar makarantu, su goma sha ɗaya ne duka-duka har da direba. Ta uku wani Bature ne da ya taɓa yi wa ɗan aiki a Upwork, shafin neman jinga a intanet, ya ce in yana so zai ci gaba da turo masa, biya da dala. Yadda ya gyara zama kafin ya faɗi ta ukun ya isa in gane inda zuciyarsa ta karkata.

Na ce, "A cikin ukun nan, ina ne za ka rubuta abu, wanda ya fi ka ya karanta, ya dawo maka da shi ya ce sake?"

Ya yi shiru. Bai taɓa auna su da wannan mudun ba, albashi kawai yake jerawa.

Ni kuwa a wurina wannan tambayar ce gaba da kowace, muddin maganar shekara biyun farko ake yi. Ba wanda ke buɗe gareji a Ƙofar Ruwa don ya kalli bidiyon sauke inji sau ɗari. Sai ya yi zaman yaron shago, ya sha tsawa, ya ɗaure noti an ce kwance, kafin a yaye shi. Sana'ar tamu ta rubuta manhaja ma haka take, illa dai ita tana da wata yaudara da kanikanci ba shi da ita: manhajar da aka rubuta da ganganci takan yi aiki lafiya lau a ranar farko. Sai bayan wata shida, mutum dubu na amfani da ita, sannan asirinta ya tonu.

Aikina na farko da aka duba mini, manhajar biyan kuɗin makaranta ce. Na gwada, komai na tafiya, na tura ina jin kaina. Babban injiniyan wurin ya dawo mini da ita da gyare-gyare har ban iya ƙirga su ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ce in buɗe burauza in tara 0.1 da 0.2. Na tara. Amsa ta fito 0.30000000000000004. Ya ce, "To da irin wannan lambar ka ajiye kuɗin mutane. Mayar da komai kwabo, ka ajiye shi cikakkiyar lamba marar ɗigo." Daga baya na lura kamfanin biyan kuɗi na Paystack ma da kwabo suke karɓar adadin kuɗi, naira ɗari biyar sai ka rubuta 50000. Sannan ya tambaye ni me zai faru in saƙon tabbatar da biya ya iso sau biyu, wanda kuwa yana faruwa in sabis ya yi tsalle. Na duba, ashe manhajata za ta rubuta wa uban yaro ya biya sau biyu. Minti arba'in muka yi. Babu kwas ɗin intanet da ya taɓa koya mini abin da na kwasa a zaman nan, don ban ma san akwai tambayoyin ba balle in nemi amsarsu.

Bari mu fara da dala, tunda can hankalin kowa yake.

Lissafin a fili yake, ba sai an yi wa kowa ƙarya ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, canjin hukuma ya tashi daga wajen 460 ya haye 1,500 a farkon 2024. In dala na 1,500, wanda ke samun 500 a wata ya tashi da naira 750,000, fiye da ninki goma na mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Dala ɗari biyar kuwa ba komai ba ce a wurin kamfanin Amurka ko Jamus. Yaron da ya yi wannan lissafin a kansa, da wuya ya sake kallon takardar banki da mutunci.

Amma "aikin nesa" suna ɗaya ne da ke rufe abu biyu mabambanta, kuma matasa kan haɗa su. Akwai cikakken aiki da kamfanin waje: kana cikin ƙungiya, kuna da taron safe, akwai manya masu duba abin da ka rubuta, albashi duk wata. Akwai kuma jinga, irin ta Upwork da Fiverr: a yi tsada, ka yi, a biya ka, kowa ya kama gabansa. Na farkon, in ka same shi, ya fi duk ƙofofin nan, ga kuɗi ga koyo, kar ma ka tsaya shawara da kowa. Matsalar ita ce ba kasafai ake ba sabon hannu shi ba. Kamfanin da zai ɗauki mutum daga wata nahiya, wanda ba zai iya leƙa allonsa ba, so yake ya sayi ƙwarewar da ta riga ta nuna, ba ya yi reno ba.

Labarin Andela ya ishe mu misali. An kafa shi a Legas a 2014 a kan tunanin ɗaukar matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, a horar da su ana biyansu, a haɗa su da kamfanonin waje. Har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016. A watan Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ya kuma faɗi dalili ƙarara: masu ba da aiki manya suke nema. Wannan tun kafin kasuwa ta yi sanyi ke nan. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 Meta ya rage mutum 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, kuma a 2024 Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas. Duk waɗanda aka sallama sun dawo layin neman aiki, su ne kake gogayya da su in ka tura takarda.

Abin da yakan rage wa sabon hannu shi ne jinga. Ba na raina ta, na ci abinci da ita. Tana koya maka abubuwan da ofis ba ya koyarwa da wuri: yin tsada, rubuta wa baƙo saƙon da zai fahimta, cika alkawari, da gane mai son a yi masa aikin miliyan a kuɗin goro. Sai dai ka san dawan garin. A Upwork sai ka kashe Connects, wato makin neman aiki, kafin ma ka nemi aiki, in sun ƙare ka saya, kuma aiki ɗaya za ka tarar mutane daga Indiya da Pakistan da Masar sun yi masa caa. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da ka samu. Kafin kuɗin su bi ta Payoneer ko Grey su zama naira a hannunka, an sake gutsira. Canjin ma ba tsaye yake ba: a Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900 a wurin 'yan canji, zuwa Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya ɗauki hayar gida da lissafin Fabrairu ya ji a jikinsa. Ba fansho, ba inshorar lafiya, ba hutu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ranar ba ka da ko sisi. Haraji kuma naka ne ka lissafa ka biya, ba wani akawu da zai cire maka.

Ga wani abin da ya sauya kasuwar. Ƙananan ayyukan da sababbi ke fara cin abinci da su, shafin talla guda ɗaya, gyaran fom, ɗan rubutun da zai kwashe bayanai daga Excel, su ne tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 mai aikin ke iya yi da kansa cikin rabin awa. Sabon hannun da ke zaune shi kaɗai kuma yakan mayar da ChatGPT ɗin ubangidansa. Yana da amfani ƙwarai, ni ma kullum da shi nake aiki, amma abin da ka tambaya yake amsawa. Ba zai ja kujera ya ce tara 0.1 da 0.2 ba alhali kai kana ganin ka gama.

Sannan mu 'yan Arewa muna da namu ƙarin nauyin. Mai aikin nesa shi ne kamfanin wutar kansa, shi ne kamfanin sadarwar kansa. Kafin ka karɓi dalar farko kana buƙatar sola ko inbata da batir, da layi biyu na kamfanoni daban, in da hali har da Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, wanda ya shigo ƙasar a Janairun 2023 kuma ba kuɗin yaro ba ne. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Satumban 2021 an rufe sabis ɗin waya a Zamfara gaba ɗaya da wasu sassan maƙwabtanta saboda tsaro. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, Afirka ta Yamma ta yi ta lalube. Ma'aikacin banki a irin waɗannan ranakun albashinsa na nan. Mai jinga kuwa sai ya yi wa wani mutum a Toronto bayanin abin da ba zai taɓa fahimta ba, in bai yi sa'a ba ya kwashi mummunar shaida a shafinsa, shaidar da za ta bi shi shekaru.

Agogo ma abin dubawa ne. Turai da sauƙi, tsakaninmu da Landan ko Berlin bai wuce awa ɗaya ba. Amma ƙarfe tara na safe a Kalifoniya ƙarfe biyar ko shida na yamma ne a Kano, wato aikinsu na kankama kai kana shirin magariba, ya kai ka har tsakar dare. Da azumi taron ƙungiya ya faɗo daidai buɗa-baki. Ana iya daidaitawa, yawancinsu in ka faɗa tun farko suna mutunta sallar Juma'a da sauransu, amma mai iyali ya san abin da zai ɗauka.

Banki, ko kamfanin sadarwa, ko duk wani babban kamfani mai tsari, kishiyar wannan ne kusan ta kowace fuska. Ranar albashi ba ta motsi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, kai a cire maka 8. Akwai inshorar lafiya, akwai hutun shekara, janareto ba naka ba ne. Sunan wurin a takardarka yana buɗe ƙofofi, kuma, kar mu yi wa juna ɓoye-ɓoye, yana sauƙaƙa magana ranar da manya suka je neman aure. "Yana aiki a banki" jimla ce da surukai ke ganewa. "Yana aiki a ɗaki da kwamfuta, Turawa na turo masa kuɗi" sai an yi ta rantse-rantse kafin a yarda ba ɗan damfara ba ne.

Ta fuskar koyo, abin da banki ke bayarwa shi ne tarbiyya. Za ka ga yadda ake gwada abu kafin a sake shi, yadda ake rubuta dalilin kowane canji, yadda masu bincike ke bin sawu, yadda ake haɗa manhaja da NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankuna, don kuɗi su tashi daga wannan banki su sauka a wancan cikin daƙiƙoƙi. Yarukan Java da C# da rumbun bayanan Oracle ne suka fi yawa, kuma masu raina su da sunan tsofaffin yayi ba su san cewa ƙwararre a kansu ba ya rasa aiki a ko'ina a duniya ba. Wanda ya ga yadda manhajojin bankuna suka durƙushe lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da yadda jama'a suka koma OPay da Moniepoint, ya san akwai aikin injiniya na gaske a wannan fagen.

Haɗarin shi ne ka shiga da sunan injiniya ka tsinci kanka wani abu daban. Uwar manhajar banki sayo ta ake yi, Finacle ko Flexcube ko T24, don haka wasu sassan aikinsu bai wuce lura da allo, amsa koke, da kiran kamfanin da ya sayar ba. Mafi muni, shirin ɗaukar sababbin ma'aikata na gama-gari yakan raba mutane yadda banki ke buƙata, ba yadda suka karanta ba. Na san masu digirin kwamfuta da suka ƙare suna yawon neman masu buɗe asusu, an ɗora musu adadin da za su kawo duk wata. Shekara uku a haka hannu ya mutu. Shi ya sa kafin ka sa hannu ka tambaya: sashen gina manhaja za a kai ni, a rubuce? Ma'aikacin banki ne ni ko na kamfanin da ke ba banki hayar ma'aikata? Bambancin albashi da haƙƙi tsakanin biyun ba kaɗan ba ne, alhali tebur ɗaya za ku zauna.

Sai Legas kanta. Hayar shekara a dunƙule, kuɗin dillali, kuɗin lauya, awanni a cunkoso tsakanin gida da Victoria Island. Albashin da ya yi kyau a takarda a Kano, in Legas ta gama da shi sai ka nemi inda ya shiga. Ƙofar kuma ba ta kowa ba ce: ana neman digiri mai daraja ta biyu, takardar bautar ƙasa, da ƙayyadaddun shekaru, galibi kada a wuce ashirin da shida ko da bakwai, abin da yajin aikin jami'o'i ya sa da yawa suka tsallake ba da laifinsu ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika rubutawa a irin waɗannan shawarwarin ba, amma a gidajenmu ita ake fara yi, wato riba. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba, ka kai wa wanda ka amince da iliminsa, ka yi masa bayanin ainihin aikin da za ka riƙa yi. Abin da zan ce kawai, zaɓi ya ƙaru: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, dukansu da hedikwata a Abuja, ga Lotus a 2021, kuma su ma suna da sassan fasaha. Tambayar ba a banki kaɗai ta tsaya ba. Manhajojin ba da bashi da na cacar ƙwallo suna cikin masu biyan injiniyoyi da kyau, gara ka san matsayarka tun kafin a ajiye maka adadi a gaba.

Aikin gwamnati ba zan daɗe a kansa ba. Kwanciyar hankali akwai, amma yawancin manhajojin ma'aikatu kwangila ake bayarwa, jami'in cikin gida ya fi rubuta takarda a kan rubuta manhaja. In manufofi da tsare-tsare ne burinka, hukumomin fasaha na gwamnati irin su NITDA ko Galaxy Backbone wurare ne masu kyau. In so kake hannunka ya faɗa, nemi wani wurin tukuna.

Sabon kamfani shi ne ya fi wuyar yi wa hukunci, don a nan ne mafi kyau da mafi muni suke sanye da riga iri ɗaya. Kowa na ba da labarin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya saye shi a Oktoban 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Ba a cika ba da na 54gene ba, wanda ya tara kusan dala miliyan 45 ya kuma rufe a 2023, ko Lazerpay da ya rufe a Afrilun shekarar. Da kuɗin ruwa ya tashi a Amurka, masu zuba jari suka janye hannu, kamfanoni da dama da ke rayuwa a kan jarin waje suka wayi gari ba na albashi.

Na taɓa zama a irin wannan jirgin. Wata na farko aka ce jari na hanya. Wata na biyu aka ba mu rabi. Na uku maigidan ya tara mu, ya yi jawabi mai daɗi a kan cewa mu iyali ɗaya ne, ya yi alkawarin hannun jari ga duk wanda ya yi haƙuri. Ba wanda ya ga takarda. Ranar da na je na tarar mai gidan haya ya sa kwaɗo a ƙofa, kujerata da cajar kwamfutata na ciki, har yau suna can. Tun daga nan in aka ce mini hannun jari sai in ce a rubuta: kashi nawa, cikin shekara nawa zai zama nawa. Al'adar da aka fi bi ita ce shekara huɗu, kuma in ka tafi kafin cika ta farko ba ka da komai. Ko an rubuta ma, ka ɗauke shi kamar kyautar da ƙila ta zo, kada ka yarda a rage maka albashi saboda shi.

Duk da haka, in ka dace da na kirki, babu inda ake koyo da sauri kamarsa. A banki wata shida kana jiran izinin taɓa uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta. A nan sati na uku abin da ka rubuta yana hannun mutane, shugaban makaranta na kira yana faɗa sakamakon jarrabawa ya ƙi fita, kai za ka bi sawu tun daga allon waya har rumbun bayanai. Za ka taɓa kayan aiki irin su React, ka taɓa Node ko Laravel, ka ga yadda ake ɗora abu a intanet, ka ji da kunnenka abin da mai saye ke so. Shekara biyu a haka ta fi huɗu a wani wurin. Su ne kuma ba su cika damuwa da kwali ba. Mai HND, wanda ya fito daga shirye-shiryen horo irin su 3MTT ko ALX ko AltSchool, wanda ya koya da kansa a shagon gyaran waya a Farm Centre, duk aikin gwaji za a ba su, a duba GitHub ɗinsu, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, in sun iya sun shiga.

Yadda za ka bambance na kirki da na banza ba wuya, in ka tuna cewa ranar ganawa kai ma tantance su kake yi. Tambayi wa zai riƙa duba aikinka, shekara nawa ya yi a sana'ar, a ina. Tambayi ko ana iya tura canji kai tsaye ba tare da wani ya karanta ba. In suka ce ai nan kowa na da 'yanci, ba yabo ba ne, gargaɗi ne. Tambayi daga ina albashi ke fitowa, daga masu saye ko daga jari, in jari ne na wata nawa ya rage. Nemi wanda ya bar wurin ka sha shayi da shi. Babbar alamar haɗari ita ce a yi wa ɗan shekara ashirin da uku tayin zama shugaban sashen fasaha. Ma'anarta kai kaɗai ne sashen. Za ka sha wahalar sabon kamfani, ka haɗa da kaɗaicin mai jinga, ba dala ba malami.

Kada kuma a ɗauka sai Legas. Abuja na da kamfanoni irin su FlexiSAF da suka daɗe a harkar manhajar makarantu. A Kano akwai eHealth Africa, wadda tun 2009 take aikin fasahar bayanan lafiya, har da taswirorin da aka yi amfani da su a yaƙi da shan-inna. Cibiyoyi kamar CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano da Blue Sapphire Hub, da tarukan masu rubuta manhaja na DevFest na shekara-shekara, nan ake jin labarin gurbi tun kafin a tallata shi. Yawancin ayyukan da na samu ba ta hanyar cike fom ba ne, wani ne da ya taɓa ganin aikina ya ambaci sunana.

To wa ya dace da wanne? Wanda gida ke jiran albashinsa, kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsohuwa na wuyansa, ya kama babban kamfani in an tabbatar masa da sashen gina manhaja, ba abin kunya ba ne, ya riƙa wasa hannunsa da dare. Wanda ke da ɗan sarari, ana ci da shi a gida ko zai iya jure wata biyu ba albashi, ya nemi ƙaramin kamfani mai babban injiniya da masu saye na gaske, ko da kuɗin bai kai ba. Bayan shekara biyu ko uku ƙofar cikakken aikin nesa za ta buɗu da kanta, kuma a lokacin ba dala ɗari biyar za a yi magana ba. Jinga ita kaɗai a matsayin aikin farko, sai ga wanda sauran ƙofofin suka rufe masa.

Irin waɗannan kuwa suna da yawa, musamman mata. Wadda iyaye ba za su bar ta ta tafi Legas ita kaɗai ba, ko matar aure mai goyo a Gusau ko Azare, aikin nesa ba kwaɗayi ba ne a wurinta, shi ne hanyar da ke akwai. In ke ce, abin yi shi ne ki ƙirƙiro wa kanki mai duba aiki. Manhajojin da kowa ke iya sa hannu a GitHub suna da masu kula da su da za su karanta gyaranki layi-layi su dawo miki da shi, kyauta, wani lokaci ba tausayi. Outreachy na ba da horon wata uku daga gida tare da mai jagora da alawus na dala 7,000, Google Summer of Code ma na da irin tsarin. Shiga da wuya, gasa ce ta duniya, amma ko watan gwajin da ake yi kafin zaɓe ya ishe ki ganin yadda ƙwararru ke aiki.

Ɗan yayata ya tafi Abuja da tambayoyinsa a rubuce a bayan ambulan. Ya tarar babban injiniyan wurin ya yi shekaru a wani kamfanin biyan kuɗi kafin ya dawo kusa da gida, kuma makarantu ne ke biyansu duk zango, ba jari suke ci ba. Bankin kuwa ya kasa faɗa masa sashen da za a kai shi sai bayan horo. Ya karɓi na Abuja a kan kuɗin da bai kai na bankin ba, uwarsa ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Aikin Baturen kuwa ya ware masa ranar Asabar, bayan ya duba takardar aikinsa ya ga ba ta hana ba.

Sati na biyu da fara aiki, wajen sha ɗaya na dare, ya turo mini hoton allonsa. Gyara ashirin da uku a kan aikin da bai kai layi ɗari biyu ba.

"Kawu, anya mutumin nan ba tsanata ya yi ba?"

Na ƙara girman hoton, na gangara. Na bakwai tambaya ce: me zai faru in saƙon biya ya iso sau biyu?

Na ce masa ya bar sauran tukuna, ya kira ni da safe ya faɗa mini amsar wannan.